Jan Kati a Ƙofar Ɗakina

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya gida, ya yara, ya ƙafar taki? Allah ya sa shafa maganin kike yi, ba ajiye shi kika yi a kan taga yana kallonki ba. Ki gaishe min da maigidanki da kyau. Ni dai na sauka lafiya, hankalina ne bai sauka ba.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Wayata tana nan kicin ɗinki inda na jona ta a caji. Ana ce min matar ɗanki, wato ɗan nan nawa, ta haihu na suri jaka na fice, sai da muka yi nisa na laluba na ji wayam. Direban da ya kawo ni ya biyo mu ya ga otal ɗin da aka sauke ni, ya ce in riƙa ajiye masa saƙo a ƙasa wurin masu karɓar baƙi, zai kai miki duk sanda ya juya.

Yaya, har yanzu ban ga jikan ba. Ɗanki ya tare ni a tasha, da alama ke kika sanar da shi ina hanya, ya rame, ido ya yi zuru-zuru, maimakon murnar ganina sai ya hau tambayar wa ya gaya min. Ji min yaro! Ni za a ɓoye wa haihuwa? Wai gidan a hargitse yake, mai jego tana hutawa, in bari sai gobe. A lissafina ma da sauran lokaci, amma kin san yaran yanzu da nasu lissafin, ban ja maganar ba. Ina zaune a mota ina jiran in ga ƙofar gida, sai ga mu a gaban wani otal da sai ɗankwali ya zame kafin ki hango ƙarshensa.

Tun daga ƙofa aka fara. Wani dogo cikin kwat ya kama jakata, ni kuwa na riƙe gam, ya ja na ja, sai da ɗanki ya raɗa min cewa aikinsa ke nan. To ni ina na sani? Hulunan da na saƙa wa jariri suna ciki. Daɓen wurin sai sheƙi yake, ina tafiya ina dafa bango. Ɗaki ba mabuɗi, kati ne. Lif ɗin da ke hawa da mutane sama ma ba ya motsi sai an nuna masa katin, wanda ba shi da shi a ƙasa zai ƙare.

Kada in ci haƙƙinsu, ruwan zafinsu ya yi. Kina murɗawa ya zubo, ba kunna wuta, ba jiran tukunya. Na zauna a bahon nan har yatsuna suka yamutse, gwiwata ta saki, na ce kai, Yaya ce ta dace da wannan. Gado kuwa in kin kwanta sai kin nemi mai ciro ki. Amma taga ba ta buɗuwa, na duba ta sama da ƙasa, gilashi ne kawai aka liƙe. Sanyi kamar cikin firji. Kuma ba abin kallo sai wani farin gini a tsallaken titi, motocin asibiti suna shiga suna fita da jiniya wuni guda. A rasa inda za a kafa otal sai a bakin asibiti!

Na zauna na tashi, na jera hulunan a kan gado, na kwashe, na sake jerawa. Ki taya ni addu'a goben nan ta yi.

Taki har kullum,
ƙanwarki da kike kira Sarkin Mita.


Yayata,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fatan kowa lafiya, kuma waccan takardar ta iso hannunki.

Goben ɗanki ta zama jibi, jibi ta zama gata. Kullum da safe wayar ɗakin ta yi ƙara, ya gaishe ni a gurguje, ya tambaya ko na sha maganin hawan jinina, ya ce in ƙara haƙuri. Maganin hawan jini! Ai shi ne hawan jinin. Na ce a ba ni matar mu gaisa, wai tana barci. Na ce to in ji kukan yaron ko ta waya ne, wai shi ma barci. Wane irin gida ne wannan, kowa barci? Yau dai na fashe. Na ce masa ban baro ɗakina don in zo kallon labule ba, kada ya sake kira na sai ranar da zai kai ni in ga jikana, na kife wayar. Kin san bakina. Ina kifewa jikina ya yi sanyi, ga shi ko na so kiransa lambar tana cikin wayar da ke kicin ɗinki.

Na daina sauka wurin cin abincinsu. Abincin ba laifi, kala-kala, ki ɗiba da kanki ba mai hararar ki. Amma cokula a jere kamar za a yi tiyata, kowa yana magana ƙasa-ƙasa. Na gaishe da na teburin kusa da ni, suka dube ni kamar na zo roƙo. Na ƙunso burodi da 'ya'yan itace a gyalena na hau sama. Akwai butar shayi ta lantarki a ɗakin, ya ishe ni.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ƙwanƙwasa ƙofa. Wannan ya zo duba firji, wancan ya kawo tawul, wani ya bugo waya wai ko komai lafiya. Kowane bugu sai in ce ɗanki ne, in buɗe in ga baƙuwar fuska tana murmushi.

Sai kuma mai gyaran ɗaki. Mace ce da ta kusa sa'ata, da furfurarta. Yaya, ina zaune a kujera da lafiyata, matar nan ta durƙusa tana wanke min banɗaki! Wallahi kunya ta kusa kashe ni. Washegari kafin ta zo na gyara gado, na wanke baho, na goge madubi. Ta shigo ta yaye gadon ta sake shimfiɗawa, wai haka dokarsu take. Muka yi ta ja-in-ja da zanin gado har muka fashe da dariya. Mutuniyar kirki ce, a duk gidan nan ita kaɗai ta tambaye ni ya na baro gida. Yau da ta ga na dage, ta ciro wani jan kati a bayan ƙofa ta rataya shi ta waje, ta ce muddin yana nan ba mai taɓa min ƙofa. Ta tambaya ko ta gaya wa na ƙasa su ma kada a dame ni. Na ce Allah ya yi mata albarka, ta gaya musu, kowa da kowa.

Ita zan ba wannan ta sauka da ita. Yanzu ɗakin ya yi tsit, na huta da masu tawul. Bugu ɗaya nake jira.

Ki gaida yara.
Ƙanwarki, Sarkin Mita.


Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Ni ban san me zan ce miki game da tawa lafiyar ba.

Bai kira ba. Bai zo ba. Na ce kada ya kira, shi ke nan ya samu abin da yake so. Yaushe yaron nan ya fara jin maganata haka? Wayar ta yi gum, sai wata 'yar jar fitila a jikinta da ke ta ƙyafta min ido, ta ishe ni na rufe ta da tawul.

Daga ƙofa zuwa taga, daga taga zuwa ƙofa, har na san inda kafet ɗin ya fara sulɓewa. Na yi wankan ruwan zafin har ya gundure ni. Na kunna talabijin na kashe. In na tsaya a taga, farin ginin nan ne da jiniyarsa. Burodin ya bushe, da shayi nake tura shi.

Zan gaya miki abin da ke cina, don ba ni da wanda zan gaya wa. Ina jin yarinyar ce ba ta son in zo. Ni da na riƙe ta kamar 'yar cikina tun da na san ba ta da uwa a raye! Ko kunyata suke ji, kada maƙwabtansu su ga tsohuwa da jakar leda? Shi ya sa aka kawo ni nan aka adana kamar kayan da ba a son baƙi su gani? Raina ya ɓaci ƙwarai, Yaya, har na ɗauki ɗaya daga cikin hulunan, shuɗiyar nan da kika ce ta fi kyau, na warware ta tas. Ina gamawa na zauna ina kuka da zare a cinya.

Na haɗa kayana. Gobe da safe zan sauka in nemi tasha. Wannan takardar da hannuna zan miƙa miki.

Ƙanwarki.


Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara, Allah ya sa kuna cikin ƙoshin lafiya. Ki zauna kafin ki karanta. Na haɗo miki da wadda na ce zan kawo da hannuna, ki karanta ta tukuna, in kin ga dama ki zage ni.

Na sauko da jakata da safe, dogon nan mai kwat ya taho zai karɓa, sai na hango ɗanki a kujerar zauren baƙi. Ya jingina kai yana gyangyaɗi, riga duk ta yamutse, takalmi ɗaya ya zame. Na taɓa kafaɗarsa. Yana buɗe ido ya zube a gabana, ya riƙe ƙafata, a gaban mutane, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Yaya, lissafina daidai ne. Yaron bakwaini ne, yana cikin kwalba a asibiti. Wane asibiti? Farin ginin nan da na wuni ina tsine wa jiniyarsa. Shi ya sa ɗanki ya sauke ni a wannan otal, don in kasance kusa. Tsoron hawan jinina ya sa suka ce a bari sai likita ya ce an tsallake kafin a gaya min.

Ranar da na kife masa waya, matar ce ta ce ya isa haka, ya je ya gaya wa Mama gaskiya ya taho da ita. Ya zo a ranar. Masu karɓar baƙi suka ce baƙuwa ta ba da umarni, ba waya, ba baƙo, kowa da kowa. Ya ce uwarsa ce, shi ya kama ɗakin. Suka ba shi haƙuri cikin ladabi, suna murmushi, suka ce doka ce. Lif ya ƙi shi don ba shi da kati. Ya bar min saƙo a waya har ya gaji, ashe ita ce jar fitilar da na rufe da tawul. Labarin kuwa ba na bai wa wani ya kai min ba ne, so yake ya faɗa min yana kallon fuskata. Shi duk a zatonsa fushina ne, ya san halina, sai ya riƙa tsallako titi yana zama a kujerar nan ko zan sauko cin abinci.

Ga abin da ba zan manta ba. Jiya da rana numfashin yaron ya tsaya, likitoci suka rufu a kansa. A lokacin ɗanki yana zaune a ƙasan otal yana jirana, ni ina sama ina warware hula. Yarinyar nan ita kaɗai ce a barandar asibiti, da ɗinki a cikinta, ba uwa, ba miji, ba ni. Wata nas ta gaya min tana ta kallon tagogin otal ɗin tana cewa Mama tana cikin ɗaya daga cikinsu. Da na shiga ta gan ni, sai ta kifa kanta a ƙirjina. Yarinyar da na zarga! Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Na yi wa ɗanki faɗan ɓoye-ɓoyensa, ya sha sosai. Mai gyaran ɗakin ba ta da laifi, abin da na roƙa ta yi min, har na koma na yi mata sallama da na je cire katin nan daga ƙofa. Otal ɗin ma abin da na ce suka bi. Ni dai kunyar a wanke min banɗaki ce ta rufe ni a ɗaki.

Yaron yana nan da rai, alhamdu lillahi, numfashin ya daidaita, amma likita ya ce a ci gaba da addu'a. Na ce ɗanki ya mayar wa otal katin ɗakinsu. Yanzu a kujerar roba nake, a barandar nan kusa da ita, gwiwa tana ta ƙara, ba ruwan zafi, kuma tun da na zo garin nan ban yi barci mai daɗin na wannan kujerar ba.

Ki ba direba wayata, ki haɗo min da ƙaramin kwarashin nan da ke cikin gwangwanin allurai. Hulunan da na zo da su duk sun yi masa yawa, kansa bai fi lemo ba. Zaren shuɗiyar da na warware shi na ɗauka na lallaɓa da babban kwarashin da ke jakata na saƙa wata 'yar mitsitsiya a nan inda nake zaune. Nas ta wanke ta, ta zura hannu cikin kwalbar ta sa masa, ni da uwarsa muna kallo ta gilashi. Ta zauna masa daidai.

Ki sa yara su yi masa addu'a. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki,
Sarkin Mita, wadda yau ba ta da ta cewa.