Kunnen Baba na Hagu

Yaya Likita,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya masu jiki? Na kira ki har na gaji, layinku na can ba ya shiga, shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Kunnen Baba ne, na hagu. Tun makon jiya yake ciwo, yanzu har ruwa yake yi mai wari, kullum sai na sake masa rigar matashi. Ya kasa zama wuri ɗaya. Ya shiga ɗaki, ya fito, ya tafi gareji, ya dawo, hannu dafe da muƙamuƙi. Mama ta ɗumama mai ta ɗiga masa, shi kuma sai sosa yake da tsinken ashana. Da na yi zancen asibiti, ya ce tunda yake gyaran mota shi ba a taɓa buɗe masa bonet ba. Mun yi dariya, amma tawa ba ta kai ciki ba.

Ki rubuto sunan magani in saya.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Ki gaida Mama.

Ba zan rubuto sunan magani ba. Kunne ba a yi masa magani da ka, sai an haska an leƙa. Ciwon yana iya zama a hanyar kunnen, yana iya zama a bayan dodon kunne, kuma in dodon ya huje wani maganin ɗigawar ɓarna zai yi. A daina mai, a daina tsinke, kar ruwan wanka ya shiga.

Ciwon sukarinsa ne ya hana ni sukuni. A jikin mai sukari irin wannan kan ci har ƙashi. Gobe ku kai shi sashen kunne. In bayan kunnen ya kumbura ko bakinsa ya karkace, kar ku jira goben. Na nemi hutu an hana ni, mu likitoci biyu ne rak a nan. Jikina ne kawai a wurin aiki.

Ki ba shi ya karanta da kansa.

Yayarki

*

Zuwa ga 'yata Likita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, Allah ya yi miki albarka.

Na karanta takardarki. Na san kina cewa taurin kai ne irin nawa. Ba shi ba ne. Shekaranjiya wata malamar makaranta ta kawo motarta, na tayar, na kasa kunne, na ce mata lafiya lau. Ta dube ni ta ce, "Baba, ba ka jin wannan ƙarar?" Ban ji ba. Na sunkuya kamar ina duba wani abu don kar ta ga fuskata.

Kin san da kunne na ciyar da ku. Tsorona in je su ce shi ke nan. Muddin ba a leƙa ba, ni makanike ne.

Amma zan je. Mahaifiyarki ma ta ɓoye makullin gareji.

Na bar ki lafiya,
Mahaifinki

*

Yaya,

Barka da aiki. A gurguje nake rubutu, a barandar asibiti.

Sun kwantar da shi. Likitar ta zuƙe ruwan da wani siririn bututu, ta haska, ta ce dodon kunne bai huje ba, amma ciwon ya fara taɓa ƙashi. Ta tambayi wa ya sa mai, Mama ta sunkuyar da kai. An ɗebi ruwan za a gwada, an sa masa magani ta jijiya, sukarin ma ana saukar da shi. Ta ce abin zai ɗauki makonni. Bakinsa bai karkace ba, ina duba shi har ya fara harara ta.

Bai zama a gado. Yana ta zarya a ɗakin yana jan ƙarfen ƙarin ruwa, wai tayarsa na buƙatar giris. Ya tambayi likitar ko jinsa zai dawo, ta ce ba za ta yi masa alkawari ba. Da aka kawo abinci ma ture shi ya yi.

Ki sake neman hutun nan, don Allah.

Auta

*

'Yata,

Gaisuwa da sa albarka.

An sallame ni. Ciwo ya tafi, kunne ya bushe. Jin bai dawo duka ba, likita ta ce a jira, ina jira. Auta ta ce an ba ki hutu.

In kin zo ki zauna ta hannuna na dama. Akwai hira da yawa.

Mahaifinki