Takalmin Hagu Daga Tainan

Zuwa ga sanyin idona, ruwan farkon damina a zuciyata, mai fushin da ya fi murmushin wasu kyau, Yaya Seungjae.

Kafin ka ɗaure fuska, buɗe kwalin tukuna. E, takalmi ne, ƙafa ɗaya, na hagu. Don Allah kada ka shinshina!

Ka tuna ranar da ka ba ni shi a gidanku na Busan? Mamarka har cokali ta saki, ta ce wane irin sakarai ne ke ba budurwarsa takalmi, ai guduwa za ta yi da shi. Kowa a Koriya ya san wannan ban da kai, injiniya guda! Ka bushe da dariya ka ce camfi ne. To ga shi, wata biyu ke nan ina Taiwan, sau uku ina ɗage ranar dawowa. Laifin wa?

Ni dai ba ruwana, takalmin ne. Shi ya ja ni lungu-lungu a birnin Tainan har gindin tsohuwar ganuwar Turawan Holan, shi ya hau da ni dutsen Yushan ina haki kamar tsohuwar akuya. A gandun dajin Taroko kuwa biri ya shiga tantina ya wawushe kimchi, tsimin kabejin nan mai yaji da ka ɗuro mini, ya hau dutse yana ci, yaji na gasa shi, yana hararata. Wallahi hararar nan taka ce sak! Na yi dariya har na zube ƙasa, sai kawai na ji hawaye.

Kwana tara ba ka amsa saƙona ba. Tara, Yaya! Ƙanwarka ta tsegunta mini wai ka jefa zoben neman aurena da ka saya a aljihun tebur, ka ce maganar Mama ta tabbata. Haba, hasken safiyata! Da na ga gajimare shimfiɗe a ƙarƙashin ƙafata a saman Yushan, wa kake zaton na waiwaya zan nuna wa? Jakata ce kawai a wurin, ita kuwa ko gardama ba ta iya ba. Kewarka ta hana ni jin daɗin komai, kuma ina tsoron kada ka haƙura da ni.

Shi ya sa na raba ɓarayin takalman nan biyu. Na dama yana wurina, na hagu yana hannunka, ba dutsen da zan ƙara hawa. Jirgina zai sauka Busan ranar Laraba, jajibirin bikin girbi. Zan fito da takalmi ɗaya da silifa ɗaya, duk mai kallo ya kalla. Ka zo da na hagun, ka durƙusa ka sa mini. Tunda kuwa ka riga ka durƙusa, ai ka san sauran, kada dai ka bar zoben nan a aljihun tebur. In ba ka zo ba, nan zan yi ta ɗingishi har sai an kira Mamarka.

Taka har ƙarshen numfashi, da ƙafa ɗaya ko biyu,
Narae