Wayar Inna Tana Cikin Ruwan Saga

Talaje, Yamai

Zuwa ga yayana abin alfaharina, Yaya Garba, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Aishatu da yara, Ya sa albarka a ɗinkinka, Ya raba ka da ciwon bayan nan da kake kuka da shi. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ɗaukewar wuta da muka saba. Malam maigidana ya samu sauƙin ƙafarsa har ya koma kasuwa. Hadizatu ta sauka lafiya a Bobiyel, an samu mace, an sa mata Mariyam. Shinkafar Inna a Saga ta yi kyau bana, ita ma jikinta da ƙarfi, kada ka sa wa ranka komai ta wannan gefen. Na faɗa da wuri ne domin na san sati uku ke nan kana kiran layinta a kashe, kuma duk lokacin da ka tambaye ni sai in yi ta kame-kame. Kunya ce da takaici suka hana ni yi maka bayani a waya. Yau na ɗauki bik da takarda zan rubuta kamar zamanin da muke 'yan makaranta a lakwal, kuma Sumana direba ne zai kawo maka ita hannu da hannu.

Ka san Huda tawa, 'yarka, tun da ta gama karatun ordinatar, wato kwamfuta, take aiki da wani ƙaramin kamfani mai tsare wa ofisoshi na'urorinsu daga 'yan kutse. Watan jiya wani ɗan jarida daga wata tele mai zaman kanta, wadda ba zan ɓata tawadata da sunanta ba, ya zo ya ce suna son ta yi wa jama'a bayani kan abin nan da ake ta surutu a kai, ƙirƙirarriyar basira, da Hausa kuma, don mutanen kasuwa su gane. Yarinya ta yi murna, ta kwana biyu tana shiri, har ni ta mayar ɗalibarta a bakin murhu. A falona aka ɗauka, ina zaune a gefe, minti arba'in cur. Ta ce sababbin na'urorin nan suna iya gano ɓarakar da ke cikin manhaja da sauri fiye da mutum, shi ya sa manyan ofisoshi ke damuwa, amma masu tsaro irinta ma da su suke toshe ɓarakar. Ta ce talaka kuwa, abin da ya fi cinsa har gobe shi ne mutumin da zai kira shi da daɗin baki ya ce ya karanto masa lambar sirri. Ta ce in ka ji murya kana shakka, ka kashe, ka kira mutumin da kanka a lambar da ka sani, shi ke nan. Wallahi Yaya, ni da ban san komai ba sai da na ji hankalina ya kwanta.

Shi kuwa ɗan jaridar, duk wannan hamma yake yi. Tambaya ɗaya ya riƙe kamar kaska: shin na'urar za ta iya kwaikwayon muryar ɗan mutum ta kira uwarsa? Huda ta ce abin ba kamar yadda ake zuzutawa ba ne. Ya sake tambaya. Ta yi bayani. Ya sake, har sau biyar ina ƙirgawa, sai da ta gaji ta ce e, zai yiwu, uwa ta ji muryar ɗanta sak alhali ba shi ba ne, sannan ta ci gaba da faɗin yadda ake ganewa. Nan take na ga ya washe baki, ya ce wa mai kamara ya isa. Ya sha lemona, ya ci cincin ɗina, ya kira ni Hajiya sau goma, ya tafi.

Ranar Lahadi bayan la'asar aka nuna shirin. Na sanar da dangi duka, ni mai 'ya a tele, har Inna na aika wa ta je gidan maƙwabta ta kalla. Ashe da hannuna na kai ta. Aka fara da kiɗa mai tsinka zuciya irin na fim ɗin aljanu, ga wani ƙato ya rufe kai da baƙar riga a cikin duhu, ga ƙoƙon kan mutum yana walƙiya ja, ga haruffa suna zuba kamar ruwan sama. Mai gabatarwa ya kumbura murya ya ce dodo ya shiga aljihun kowa. Sai ga fuskar Huda, a kan kujerata, gaban labulena, tana cewa e, zai yiwu, uwa ta ji muryar ɗanta sak alhali ba shi ba ne. Ƙit, suka yanke. Minti arba'in ya koma numfashi ɗaya. Daga nan sai tallan sabulu. Tir da wannan aiki. Mai sayar da maganin basir a bakin tasha ya fi su mutunci, shi aƙalla kowa ya san ciniki yake yi.

Washegari da safe Inna za ta gona, ta tsaya a bakin babbar hanyar ruwan nan da ke shayar da shinkafa, ta kwance wayar da ka aiko mata daga bakin zane, ta yi bismillah ta jefa. Da hotunan 'ya'yanka da komai. Matan da suke tare da ita suka ce har da tofa addu'a ta bi ta da ita. Da labari ya iske ni na ɗauki Huda muka tafi Saga a ranar. Ka tuna ran da na kira ka na ce ga Inna, ka yi ta sallama shiru, na ce maka rezo ne, layi ba kyau? Ba rezo ba ne, ka yafe mini. Na kara mata wayata a kunne, ta saurare ka har ka gama, hawaye na zuba, sannan ta ture hannuna ta ce kai, abin nan ya iya, har da tarin Garba. Na ce to a yi kira mai hoto ta gan ka, ta ce ai an nuna yana yin fuska ma.

Huda ta durƙusa gabanta tana kuka, ta rantse cewa yanke maganarta aka yi. Ka san abin da tsohuwar nan ta ce? Wai abin da mutum ya faɗa a tele gaban duniya shi ne gaskiyarsa, na cikin ɗaki lallashi ne, kuma ita ba yarinya ba ce da jikarta za ta lallashe ta. Wai da baƙo ne ya faɗa da ta yi shakka, amma jininta ne, mai ilmin abin. Huda ta ce to ta yi maka tambayar da ku biyu kaɗai kuka san amsarta, Inna ta ce shekara nawa abin yana kwance a bakin zanenta yana saurare, me ya rage bai sani ba? Ka san Inna, in ta kafe ko jaki ya sara mata. Kuma ban ga laifinta sosai ba, mutumin da aka ce masa ga maciji a ɗaki ba ya tsayawa tambayar tsawonsa.

Yarinyar nan ta je gidan telen har sau uku. A na ukun shugaban shirin ya fito, ya ce mata ita ba ta san aikin ba, mutane ba sa zama don a yi musu darasi, kuma ai ba su ƙara mata ko kalma ɗaya ba. Ya ce ma ta gode musu, yanzu an san ta. An san ta kam. Guntun nan yana yawo a wayoyin mutane, wani ya juya shi da Zabarmanci, a kasuwa ana nuna ta ana cewa ga mai dodon waya. Da ta matsa, sai suka karanta gyara layi ɗaya da Faransanci, ranar Talata da tsakar rana, lokacin da Inna take cikin taɓo har gwiwa. Tsoro da Hausa, gyara da Faransanci. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to wannan ta yi 'ya'ya a gidanmu, ina gani. Abin da ya fi ci mini rai, ɓarayin gaske suna nan suna kiran mutane suna karɓar lambar sirri, domin wurin da Huda ta yi gargaɗi a kansu shi aka zubar.

Jiya na koma Saga na gaya wa Inna zan rubuta maka takarda. Fuskarta ta saki, rabon da in ga haka tun kafin shirin. Ta tambaya wa zai kai, na ce Sumana, ta ce ta san uwarsa, ta yarda. Ta ce in gaya maka tana nan lafiya, tana sa maka albarka safe da yamma, kuma kada ka yi fushi, ba kai ta ƙi ba. Sai ta sa na miƙa mata takardar tun ban rubuta komai ba, ta shafa babban yatsanta a gindin tukunya ta danna a ƙasa. Baƙin da za ka gani can ƙarshe ke nan, ba datti ba ne. Ta ce kai ma in za ka ba da amsa ka danna naka na hagu, wanda lauje ya tsaga kana yaro, za ta gane tabon. Don Allah Yaya kada ka yi dariya, kuma kada ka yi jinkiri, Sumana kwana biyu kawai zai yi ya juyo. Ta riga ta tambaye ni sau biyu kwana nawa mota take yi daga Abijan.

Ka gaishe mini da Aishatu da kyau, da Abubakar da Zinariya da ƙaramin da ban gani ba tukuna. Malam yana gaishe ka, Hadizatu mai jego da jaririyarta suna gaishe ka, Huda ma tana gaishe ka, ta ce ka yafe mata, na ce ba ta yi maka komai ba. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Ramlatu