Ba Doguwa Nake Duka a Magazar Wake Ba

Zuwa ga Alhaji, Shugaban 'yan kasuwar hatsi na unguwarmu, Dogon Dutsi.

Assalamu alaikum. Ina gaida Alhaji da iyali, ina kuma gaida mabuɗin da ke aljihunsa, don a kansa nake wannan takarda.

Ni ne Ɗanjuma, ɗan marigayi ma'aunin gero na bakin tasha. Na bar garin nan ina saurayi, na sami aikin shara a wani gidan wasanni can bakin teku. A nan na koyi sukwash: mutum biyu a ɗaki rufe, kowa da raket, wato sanda mai raga a kai, suna dukan 'yar ƙwallo a bango. Shekara goma sha huɗu da shi nake ci. Ban zama zakaran duniya ba, amma wallahi na sa manya gumi. Yanzu gwiwa ta ce ta gaji. Gasa ɗaya ta rage mini, nan da mako uku, kuma ina so in yi bankwana da wasan nan a tsaye, ba a kore ni a zagayen farko ba. Na zo gida in shirya kusa da tsohuwata, kai kuma da kanka ka ara mini magazar wake, wato ɗakin ajiyarsa, har kaka. Ranar kasuwar da ta wuce na iske ƙaton kwaɗo a ƙofa.

Na ɗaya. An ce maka ana jin duka da ihu a ciki, kuma mutum ɗaya ke fitowa jiƙe sharkaf. Haka ne. Ba ni da abokin wasa, duk Arewa ban sami mai riƙe raket ba tare da ya tambaye ni ko rariya ce ba. Ihun kuwa na gwiwa ne.

Na biyu. Jan layin da na ja a bango iyakar wasa ce, ba hatimi ba. Ɗigo biyu rawaya da ke jikin baƙar ƙwallon kuma ba idanu ba ne, haka ake yin ta. Inna Dela mai bori ta leƙo, ta ga ina murza ta a tafin hannu don ta yi ɗumi, sai ta fita tana cewa lallashinta nake. Washegari ta aiko a gaya mini doguwar magazar ba ta son duka, baƙin bunsuru take so. Kafin la'asar ga Malam Sabi'u mai shagon waya da mutanensa, za su yi mini ruƙiyya. Na ba su tabarma, na sha addu'a, na gode. Tun da nake ban taɓa jin Inna Dela da Malam Sabi'u sun yarda da juna a kan komai ba sai a kaina. Wannan kaɗai ya isa a ba ni lambar yabo.

Na uku, shi ne ya yi mini ciwo. Alhaji, ka san ubana, amma ba ka kira ni ka tambaye ni ba. Tsohuwata ta daina zuwa suna saboda kallo.

Roƙona biyu ne. A buɗe magazar. Sa'an nan ka zo da kanka, da Inna Dela da Malam Sabi'u, in ba kowa raket. Wanda ya yi minti biyar bai yi ihu ba, na yarda iska ce.

In kuwa kwaɗon ya kai jibi, dole in nemi wani bango. Na zaga garin nan kaf, ban ga mai sumul da kyan siminti kamar na gidanka ba, daidai ɗakin da kake barcin ƙailula. Ni kuma da azahar nake atisaye.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da barci mai daɗi.

Wassalam.

Ɗanjuma ɗan ma'auni