Sawun Zabuwa a Kan Roba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa, Ya yalwata miki makwanci. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Na rubuta ta ne a inda jama'a za su gani, domin akwai maganar da ta shafe su, kuma bakina ba ya iya faɗinta sai in ke nake faɗa wa.

Inna, na bar shago. Wurin haɗa amfilifaya, wato akwatin ƙara sauti, da na kafa a Gummi, wanda kika sani tun yana rumfar gyaran rediyo, yanzu na wani kamfani ne daga Legas, kuma tun makon jiya ƙafata ba ta sake taka shi ba.

Kin tuna yadda Baba ya ƙi sana'ar nan. A gidan da aka gaji allo da tawada, ɗa ya tashi yana haɗa wa makaɗa akwatin ƙara sauti. Kullum in na shigo da ƙaurin waya a rigata sai ya kau da kai. Ke ce kika kashe maganar da baki ɗaya, kina tankaɗe ko ɗagowa ba ki yi ba: "Malam, ku bar shi. Ladan ma da akwatin ga shika kiran salla." Daga ranar bai yabe ni ba, amma bai sake hana ni ba.

Akwatin farko na haɗa wa Sahabi ne, mai jitar nan na Bukkuyum, lokacin yana saurayi mai tsayin wuya da yawan dariya. Na kawo miki ki gani, ina ta hura hanci. Kika juya shi gaba da baya kika ce, "Wanga akwati tsirara shike. Miƙo shi nan." Kika sa wuƙarki ta zanen ƙwarya a murhu har ta yi ja, kika ƙona masa sawun zabuwa a goshi, layi uku da ɗigo, irin wanda ke kan kowace ƙwarya da ta fito daga hannunki.

Matan unguwa sun san ma'anar zanen nan. Duk ƙwaryar da ke ɗauke da shi, in ta tsage a dawo miki da ita ki ɗinke, ko ta shekara nawa, ba tambaya, ba ciniki. Shi ya sa da hayaƙin ya lafa kika riƙe akwatin ba ki sakar mini ba, sai da kika ce, "In ka ɗauki zanena, ka ɗauki alkawalina." Na ce na ɗauka. A lokacin gani nake wasa ne irin naki.

Haka muka yi aiki shekara da shekaru. Ba na sayar wa makaɗi akwati sai ya zo da kayan kiɗansa ya zauna a benci ya kaɗa, ni kuma ina saurare, ina ƙara waya ina ragewa, har sautin ya zama nasa. Mai garaya ba ya son abin da mai jita ke so, mai goge kuwa sai ya wuni yana ƙorafi kafin ya yi murmushi. In an gama na ƙona zanen da hannuna. Kuma ana dawo da su, Inna. Daga Anka, daga Gwashi, a ɗaure a bayan babur, wani ɓera ya ci masa waya, wani ruwa ya shige shi. In buɗe, in gyara, mai shi ya sha fura ya koma.

Shekarar da yara suka yi ta mutuwa a Yargalma da Sunke, kika ji an ce dalma ce, kuma kika ji ni ma da dalma nake liƙa waya. Kika ajiye buta da sabulu a zaure, kika hana rigar aikina wuce soro. "Wanke hannunka kahin ka taɓa min jikoki." Har yau buta tana nan, kuma har yau ina wankewa.

Bayan rasuwarki ƙasar ta ƙara lalacewa. Hanyoyin da kika sani yanzu sai da addu'a ake hawansu. Biki ya koma a ɗaura aure a watse kafin la'asar, wa zai kira makaɗi? Kayan aiki suka daina isowa a kan lokaci. Biyu daga cikin ma'aikatana suka tafi ramin zinare, ɗaya bai dawo ba. Sauran suna da iyali, kuma idonsu a kaina yake.

A nan mutanen kamfanin suka zo. Suka ce za su sayi shagon da sunansa da zanensa, ma'aikata su ci gaba da samun albashi, ni kuma in zauna a matsayin shugaban aiki. Na sa hannu idona biyu. Ba neman gafara na zo yi a kan wannan ba, domin gidajen da suke cin abinci ta wurin shagon nan har yau suna ci.

Da farko ba abin da ya canja sai fenti. Sannan aka ɗauke bencin makaɗa, wai yana tare hanya. Sannan akwatuna suka fara zuwa a cikin kwali, an gama haɗa su a wata ƙasa, na roba ne baƙi, duk sautinsu ɗaya. Aikinmu ya koma ɓare kwali da manna sitika. A kan sitikar kuwa sawun zabuwarki ne, Inna, an buga shi da inji, ya fi naki daidaito, layukan ba su karkace ko kaɗan. Manajan da suka turo ba mugu ba ne, yana gaishe ni da ladabi, yana kirana Baba. Na haɗiye, na ce zamani ne.

Sai ga Sahabi ranar wata kasuwa da hantsi. Ya tsufa, gemu ya yi fari, dariyar ta ragu. Tsohon akwatinsa na katako ya ƙone tare da ɗakin ƙaninsa ranar da 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu. Ya daɗe ba ya kiɗa, sannan ya lallaɓa ya sayi sabo a kasuwar Anka, domin ya ga zanen. Bikin farko da aka kira shi bayan dogon zama, akwatin ya mutu ana tsakiyar waƙa, mutane suna tsaye suna kallonsa. Ya ɗaure shi a babur ya biyo wannan hanyar da kowa ke tsoro, ya zo wurina kamar yadda ya saba, ko shakka ba ya yi.

Na juya akwatin ina neman inda zan kwance. Babu. An liƙe shi ne gaba ɗaya. Na sa ƙarfe na fasa, na tarar an zuba wa kayan cikin wani baƙin gam ya daskare, ba wayar da hannu zai kai gare ta. Tun da na fara sana'ar nan ban taɓa tsayawa a gaban akwati na rasa ta inda zan fara ba sai ranar. Manaja ya fito ya yi bayani cikin sanyin murya cewa irin wannan ba a gyara shi, lokacin canjawa kuma ya wuce, sai dai a sayi wani.

Sahabi bai kalle shi ba. Ya sa yatsa a kan sitikar ya ce da ni, "Ni ba roba nis saya ba, Sanusi. Zanen Inna nis saya." Ya ɗaure fasasshen akwatin a babur ya tafi. Ko ruwa bai sha ba.

Na roƙi mutanen kamfanin su cire zanen, su sayar da kayansu da sunan da suka ga dama. Amsar da aka aiko daga Legas ba ta da ɓoye-ɓoye: zanen suka saya, benci da kayan aiki gyara ne kawai aka ɗora musu. Na ce to bari in haɗa wa Sahabi ɗaya da hannuna a gida. Aka tuna mini na amince ba zan haɗa amfilifaya a ƙasar nan ba har tsawon wasu shekaru, ko ina tare da su ko ba na tare da su. Idan na zauna, fuskata a bakin shago ita ce shaidar cewa alkawarin yana nan. Shi ya sa na tafi. Na fito da hulata kawai, zanenki ya zauna a can.

Ina jin ciwon abin, Inna, ciwo sosai. Ba shagon nake kuka ba. Akwatunan suna ci gaba da fita, suna shiga ƙauyuka inda ba a san na tafi ba, kuma mai molo da ladan da mai wa'azi za su ga layi uku da ɗigo su saki jiki, saboda sun san ƙwaryarki, sun san hannuna.

Abu ɗaya ya rage da ba su saya ba, bakina. Zan bi kasuwanni, Gummi da Anka da Bukkuyum, in tsaya inda makaɗa ke taruwa in faɗa musu, kuma masu karanta wannan su taya ni kaiwa inda ba zan iya zuwa ba. Na yi ta juya kalmomin ko zan sami masu sauƙi, ban samu ba. Ni da na ci abinci da zanenki, na aurar da 'ya'ya da shi, ni ne zan zagaya ina cewa duk wanda ya ga sawun zabuwar Inna a kan akwati kada ya yarda da shi.

Ya Allah Ka jiƙan Inna, Ka haskaka kabarinta, kada Ka tambaye ta alkawarin da aka karya da sunanta bayan ta kwanta. Ka ba Sahabi abin da ya fi wanda ya rasa. Ka dawo mana da zaman lafiya a hanyoyinmu, Ka sada ni da ita a inda ba a rabuwa. Amin.

Ɗanki mai kewarki,
Sanusi,
Gummi.