Na Zuba Metanol, Aka Dakatar da Anas

Anti Bilkisu, don Allah ki taimake ni, abin nan ya hana ni sakat.

Ina aiki a ɗakin gwaji na wani ƙaramin kamfanin magani a Trikania. Muna da injin da ke rarrabe sinadaran cikin magani, ana haɗa masa ruwa da wani sinadari, asitonaitiril. Ranar wata Alhamis sinadarin ya ƙare, odarmu ba ta iso daga Legas ba, ga manaja yana ta leƙowa saboda maganin tarin yara da ke jiran sakamako. Sai na ɗauko metanol na zuba a madadinsa, daidai awon da ake zuba wancan, ban tambayi kowa ba. A takardar aiki kuma na rubuta asitonaitiril.

Sakamako ya fito a karkace, sinadarai biyu suka haɗe kamar ɗaya. Shugabarmu, Madam Grace, ta ɗauka abokin aikina Anas ne ya ɓata samfurin, tunda shi ya haɗa. A gabana aka dakatar da shi sati biyu. Shi ne fa ya koya mini injin nan! Jiya har ya kira yana tambayata ko aiki bai yi mini yawa ba. Na kasa cin abinci. In na faɗa, ina tsoron kora.

Mai jin kunya, Tudun Wada

Ƙanwata, kunyar nan alama ce zuciyarki na raye. Na tuntuɓi masana, sun ce canza sinadarin ba baƙon abu ba ne, sai dai metanol bai kai wancan ƙarfi ba, dole a ƙara awonsa, a sake tantance hanyar gwajin da izinin shugaba. Na yarda an matsa miki, rashin kayan aiki kuma ba laifinki ba ne. Laifinki biyu: rubutun ƙarya da shirun da kika yi.

Gobe da safe ki sami Madam Grace, ki faɗa mata komai, ki kuma ba ta a rubuce, don a wanke Anas, a sake gwajin kafin maganin ya shiga bakin ɗan wani. Daga nan ki je gidan Anas da ƙafarki ki nemi gafararsa, ba ta waya ba. Ban yi miki alkawarin aikinki zai tsira ba. Amma in bincike ya riga ki magana, da aikin da mutuncin duk za su tafi.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sa a sassauta miki.