Kunnen Maryam da 'Yan Majalisar da Ban Sani Ba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Yaya ƙafar Inna, ta daina kumburi? Mu nan Kurayyat ta Saudiyya lafiya lau, sai zafi.

Albishirinka, 'yata Maryam ta fara ji! Kamfanin da nake dafa wa shayi, na wata ƙasa ne a gabashin Turai da ta fito daga mulkin gurguzu, shi ya saya mata na'urar kunne. Da ta ji kiran sallar la'asar, ƙanƙame ni ta yi don tsoro, ni kuwa sai kuka.

Washegari na ce wa mudir, wato manajanmu, ya ba ni sunan sarkinsu in yi masa addu'a a Harami. Ya yi dariya, ya ce ba su da sarki. Shugaban ƙasa zaɓensa ake yi, gwamnati tana hannun firaminista, shi ma majalisa na iya sauke shi. Majalisar ce ta matsa wa kamfanoninsu su kula da iyalan ma'aikata ko ina suke. Na ce to a ba ni sunayen 'yan majalisar. Ya ce suna da yawa, wasu ma sun faɗi zaɓe.

Na ce halas, shi ke nan, Allah ya san su. Da na je umra na haɗa su duka, har waɗanda suka faɗi.

Ku taya mu addu'a bakin Maryam ya buɗe. Ka gaida Inna, ka ce ta bugo waya ta kira sunan jikarta. Yanzu in an kira Maryam tana waigowa.

Ƙanwarka,
Hauwa